Amsar tambayar injin zuƙe ƙurar katako (muryar da aka mayar rubutu)

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri da ƙarar janareto, tun azahar aka ɗauke wuta.

To ƙanena, na saurari muryarka har sau biyu. Ka ce injin zuƙe ƙurarka mai buhu biyu ne, na sama na yadi, na ƙasa na leda, mai ƙarfin doki biyu, a garejin gida ka kafa shi. Da ka ɗan kankare katako da fulena sai buhun sama ya toshe, zuƙa ta mutu, da safe kuma ka tarar da farin gari a kan komai, har uwargida ta fara magana. Kana tambaya ko ka sayi babban inji. Ni dai shawarata, riƙe kuɗinka tukuna. Injin ba shi da laifi. Matsalar ita ce komai a hanya ɗaya yake bi, ɓawon fulena da garin zarto da ƙurar sanfefa, duka ta cikin fanka su wuce su faɗa buhu. Yadin da ya kamata a ce ƙura mai laushi kaɗai yake tacewa, shi ka ɗora wa kayan gaba ɗaya.

Ka taɓa tsayawa ka kalli mata suna shiƙa? Tsaba ta faɗo ƙasa don nauyinta, iska ta yi gaba da ƙaiƙayi. Shi ke nan abin da za ka yi, sai dai a cikin duro za ka yi shi, kuma kafin iskar ta kai ga fanka. Ka ji, kafin fanka. Duron ya zauna tsakanin injin katako da injin zuƙa.

Hanya biyu ce. Ta farko mazurari, wanda Turawa ke kira saikulon. Iska tana shigowa ta gefe, ta yi ta juyi kamar guguwa, nauyi ya jefa gari jikin bango, ya zurara ƙasa cikin duro, iskar kuma ta fice ta bututun tsakiya a sama. Akwai na sayarwa irin Dust Deputy na kamfanin Oneida, kuma mai aikin kwano da ya iya hannunsa zai lanƙwasa maka. Shi ya fi rabewa, ba gardama, amma yana son tsayi, ga kuɗi.

Ta biyu ita na yi a gidana, kuma ita nake ba ka shawara. Wani Ba'amurke mai suna Phil Thien ne ya fito da ita, har sunansa ya bi ta. Faifai ne kawai na filawud da ake ratayawa a ƙarƙashin murfin duro. Bari in kwatanta a hankali, in ka ga dama ka maimaita wannan wajen.

Ka samu duron ƙarfe ko na roba mai kauri. Ka yanka murfi da filawud mai kauri. A tsakiyarsa ka huda rami, bututun da zai tafi injin zuƙa ya shiga nan. Kusa da baki ka huda na biyu, na shigowar gari, ka sa masa gwiwa ta ciki yadda iskar za ta bi jikin bangon duron tana zagayawa, kada ta doki ƙasa kai tsaye. Sai faifan. Ka yanka shi daidai cikin duron, sannan ka raba da'irar gida uku. Gida biyu, wato digiri 240, ka rage bakinsu da kamar inci ɗaya da ɗan ɗoriya, ya zama akwai tsaga tsakanin faifai da bango. Gida ɗayan da ya rage, digiri 120, ka bar shi manne da bango, kuma shi za ka saita a ƙarƙashin bakin gwiwar nan, inda iska ta fi ƙarfi. Dogayen kusoshi masu noti guda uku sun isa su riƙe faifan da murfin. Bututun tsakiya kuma kada ya taɓa faifan, ka bar tazarar kamar rabin faɗin bututun.

Amfanin faifan kuwa, gari yana zagayawa sai ya faɗa ta tsagar nan, da ya faɗa kuma ya shiga inda iska ba ta da ƙarfi, guguwar ba ta iya sake kwaso shi. Waɗanda ke huda rami biyu a murfi kawai ba faifai, duro na kaiwa rabi za ka ga komai ya koma buhu.

Yanzu ga inda na sha wahala, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Na gama nawa ina ta murna, na kunna, bayan kwana biyu na duba buhu, cike. Na kwance, na sake auna tsaga, na sake yanka faifai, asarar filawud guda. Ashe murfin ne bai zauna ba. Bakin duron ya ɗan lotsa a gefe ɗaya, wurin da ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. Cikin duron nan iska a zuƙe take, to duk kafar da ta samu sai ta shigo da gudu, ta tayar da garin da ya riga ya kwanta, ta miƙa shi bututun tsakiya. Yadda na gano shi, turaren tsinke na kunna, injin na aiki, na bi bakin murfin da shi a hankali. Ina zuwa wajen lotsawar sai na ga hayaƙin ya karkata ya shige ciki kamar ana jan sa da zare. Tsohon tub na mashin na tsaga, na manna shi zagaye da gam, na ɗaure murfin da maƙalai huɗu. Tun ranar, sai in kwashe duro sau da yawa ban ga abin kirki a ledar ƙasa ba. Don haka kafin ka zargi faifai, ka yi gwajin turare a murfi da duk mahaɗar bututu.

Kada kuma ka bari duron ya cika. Gari na kusa da faifai rabewa ta ƙare, a minti biyu fulena zai cika maka buhu. Ka yanka 'yar taga a jikin duron ka manne ta da roba mai nuna ciki, da ya kai kashi biyu cikin uku ka juye.

Gaskiya ɗaya da masu sayarwa ba sa faɗa: duk abin da ka sa a gaban fanka yana cin ƙarfin zuƙa, faifai ne ko mazurari. Sai ka rama ta wajen bututu. Tiyo mai ƙwarya-ƙwaryan nan ɓarawon iska ne, ka rage shi iya abin da ya zama dole, sauran ka sa bututun roba mai santsin ciki, inci 4, kada ka matse shi zuwa inci 2 a bakin inji. Inda za ka yi kwana, gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi guda mai 90. Ana so iska ta yi gudun kamar mita 20 a daƙiƙa ɗaya a cikin bututu, in ta gaza haka gari ya riƙa kwanciya a hanya.

Sai farin garin da kake gani da safe. Wannan duro ba zai kama shi duka ba, kar in yaudare ka. Buhun da ke zuwa da irin waɗannan injuna yawanci na maikuron 30 ne, wato ƙurar da ta kai wannan girman yake tarewa (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙurar da ke shiga huhu kuwa ƙasa da maikuron 10 take, kaurin gashin kai ma kusan 70 ne. Ka ga ke nan buhun tsaba yake riƙewa, ya feso maka mugun. In da hali ka canza zuwa filta mai ninki ta maikuron 1. In babu, ka yi abin da na yi: injin da buhunsa na fitar waje ƙarƙashin rumfa, na huda bango bututu ya shigo. Mu nan ba ɗumin ɗaki muke tattali ba kamar mutanen Turai. Kawai kar ka fuskantar da shi tagar maƙwabci ko wajen shanya. Da dare ka kashe fitila ka haska tocila a garejin bayan ka yi yanka, abin da za ka gani yana yawo a hasken shi kake shaƙa.

Kuma ba wasa ba ne. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo dajin hanci. Loko da obeche da muke yanka kullum an san ƙurarsu da tayar da asma, MDF kuma, wato allon da ake yi da mataccen garin katako, ga sinadarin gam a ciki. Ranar sanfefa ka sa takunkumin kirki, ba ƙyalle ba.

Af, na manta. Ɓawon fulena da zai taru a duron, masu kiwon kaji na nema don shimfiɗa, amma ranar da za ka yanka MDF ko katako mai fenti ka juye duron tukuna, kar ka haɗa musu. Kuma kada ka zuƙi tartsatsin wasa ƙarfe da injin nan, wuta a cikin garin katako ci take a ɓoye har tsakar dare.

Ka auna faɗin bakin duronka ta ciki ka turo min da hoton injin, in faɗa maka inda za ka huda kafin ka taɓa filawud. Ga kiran magariba nan, sai na dawo.