Tuƙin Baba a Legas: a karɓe makulli ko a bar masa?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki: Baba ya kai shekara 68, har yanzu shi ke jan motarsa daga Agege zuwa shagonsa a Mile 12 tun da asuba, kwanan nan ya goge mota sau biyu, kuma kuna shawarar ku karɓe makulli ku ba ƙaninku ɗan shekara 19 da bai daɗe da karɓar lasisi ba. Wasu sun ce miki a karɓe kawai, wasu sun ce wannan rashin ladabi ne. Ni na daɗe ina jan tirela daga Apapa zuwa Arewa, yanzu kuma ina kula da direbobin wani kamfanin dakon kaya a Ijora, matasa da masu furfura, to bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Shekara 68 ita kaɗai ba ta isa hujjar sauke mutum daga sitiyari ba. Akwai dattijo a cikin direbobinmu da ya haura saba'in, kuma da za a ce in zaɓi wanda zai kai iyalina Ibadan da rana, shi zan zaɓa. Akwai kuma ɗan hamsin da biyar da muka sauke saboda ido. Abin da ake dubawa shi ne me tsufa ya taɓa a jikin mutum, domin ba ya taɓa kowa a wuri ɗaya ko a lokaci ɗaya.

Ido ne kan gaba, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ƙwayar ido tana tsukewa da shekaru, ruwan tabaranta na ciki yana dusashewa, har likitocin ido ke cewa hasken da ke shiga idon ɗan shekara 60 bai wuce kashi ɗaya bisa uku na wanda ke shiga idon ɗan shekara 20 ba. Da rana tsaka ba za ki gane komai ba. Sai duhu ya yi. Ki lura da lokacin da Baba ke fita: kasuwar Mile 12 ta 'yan sammako ce, motocin tumatir da albasa suna sauke kaya tun gari bai waye ba. Ke nan yana bin Ojota da Ketu a daidai lokacin da idonsa ya fi rauni, ga danfo, wato bas ɗin haya, mai fitila ɗaya, ga babbar mota da ta lalace aka bar ta a gefen titi ba alama sai ganyen da yaron mota ya zuba a ƙasa, ga masu tsallaka titi a guje duk da gadar ƙafa tana saman kansu. Idan mota ta haske shi da babbar fitila, matashi zai dawo gani nan take, shi kuwa dattijo sai ya ɗauki wasu daƙiƙoƙi yana tafiya cikin farin haske. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Ki lissafa daƙiƙa uku.

Na taɓa zama kusa da wani tsohon direbanmu a gadar Third Mainland da daddare ana ruwa. Sai na ga ya matso da ƙirjinsa har ya kusa taɓa sitiyari, ya ƙanƙance ido, ya liƙe wa jar fitilar motar da ke gabanmu. Ta karkata, ya karkata. Da ta sauka ta hanyar Yaba ta bar mu, sai ya rage gudu ƙwarai yana laluben layi, yana ta goge gilashi da tsumma alhali gilashin tas yake. Gadar nan ta kusa kilomita 12, ba wurin tsayawa. Da aka kai shi asibiti aka tarar da yanar ido a idanunsa biyu. Aka yi masa aiki, ya dawo bakin aikinsa. Yanar ido kam abin da sauƙi, ana cire ta gani ya dawo.

Wanda na fi jin tsoro shi ne hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma. Ya yi yawa a cikinmu baƙar fata, ba ya ciwo, kuma ta gefe yake fara cin gani. Mutum zai karanta lambar motar da ke gabansa sarai, ya rantse idonsa garau, amma ɗan acaba ko Keke Napep da ya kutso ta gefensa bai gan shi ba sam. A Legas kuwa komai ta gefe yake zuwa. Saboda haka ki je ki duba motar Baba da kanki: gugar nan biyu, a wane ɓangare take? In duk a gefe ɗaya ne, wajen ƙofar baya ko madubi, kada ki tsaya jiran ta uku. Ku kai shi sashen ido a asibitin koyarwa na Ikeja ko na Idi-Araba, ku ce a auna ƙarfin ruwan idon, a kuma yi gwajin ganin gefe. Karanta haruffa a allo ba ya tona wannan ciwon. Ganin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, amma maganin ɗigawa yana riƙe sauran idan aka fara da wuri.

Sai wuya da gwiwa. Shiga babban titi daga Ojota na buƙatar mutum ya waiga da sauri ya dawo, domin madubi ba ya nuna komai da komai. Dattijon da wuyansa ya ƙage sai ya daina waiwaye, ya riƙa shiga da hon da bismillah. In gwiwa ce ke damunsa, mota mai giya ta kanta za ta rage masa wahala a cunkoson Ketu. Ƙaramin madubin nan zagayayye da ake mannawa a kan na gefe ma yana taimakawa, kuma ba shi da tsada.

Akwai kuma abin da mutane ba sa kawowa a rai: magungunan da ke aljihunsa. Mai ciwon suga da ya sha magani ya fita ba karin kumallo, sugansa na iya faɗuwa yana kan hanya, ya fara gumi da rawar hannu, kansa ya ɗaure. Wasu magungunan hawan jini suna sa jiri, musamman farkon fara su. Maganin mura irin Piriton yana kawo barci, kuma a jikin tsoho ya fi daɗewa. Ban ce a daina shan komai ba. Ku kwashi magungunan duka a leda ku kai wa likitansa, ku gaya masa cewa Baba yana tuƙi da asuba, shi ya san yadda zai daidaita lokutan.

To yanzu ƙaninku. Nan ne ban yarda da masu cewa a miƙa masa makulli kawai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota ne ya fi komai kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya. Yaro ɗan 19 yana da ido, yana da saurin taka birki, abin da ba shi da shi shi ne sanin abin da zai faru kafin ya faru. Baba yana hango danfo ya san zai tsaya a tsakiyar titi ya ɗauki fasinja tun kafin kwandasta ya buga jikin mota. Ya san ba a jerawa da tirela mai kwantena a kwana, ballantana a ƙarƙashin gadar Ojuelegba inda kwantena ta sha faɗowa kan ƙananan motoci. Ya san tanka ba ta tsayawa yadda ƙaramar mota ke tsayawa, kuma duk wanda ke garin nan a 2018 bai manta da gobarar tankar gadar Otedola ba. Wannan sani ba a makarantar tuƙi ake samunsa ba. Ga shi masana sun ce ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke hana mutum ganganci ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ba banza ba doka ta ba ɗan 18 lasisin motar gida amma ta ce na haya sai an kai 26.

Ni ban cika damuwa da yaro shi kaɗai a mota ba. Ki zuba masa abokai uku a baya, ki sa waya a cinyarsa, to wani mutum ne daban. Shi ne zai shiga layin da aka keɓe wa manyan bas na BRT don ya burge su, shi ne zai bi hannun da ba nasa ba don ya tsere wa cunkoso, 'yan LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas su kama motar Baba, a kwana ana zarya. Wannan ma in an yi sa'a ke nan.

Da ni ne, ga yadda zan yi. A fara da asibiti, kafin a yi maganar makulli ko kaɗan. Kafin sakamako ya fito, fitar asuba da dawowar bayan magariba su koma hannun yaron, amma Baba na zaune a gefensa. Ido na yaro, sanin hanya na Baba. Da rana, a hanyoyin da ya saba, masallaci, Pen Cinema, gidan abokai, a bar wa Baba motarsa. Ranar da ake ruwa mai ƙarfi kowa ya haƙura har ya tsagaita. Kuma ya riƙa ɗaura bel ko da nan da bakin layi ne, domin bugun da matashi zai tashi ya kaɗe riga, dattijo haƙarƙari yake karya masa.

Ke ma ki shiga motar wata rana yana tuƙi, ba tare da kin ce gwada shi kike ba. Ki lura ko ana yawan danna masa hon, ko yana firgita idan mota ta wuce shi kamar daga sama ta faɗo, ko yana daɗewa a mahaɗa ya kasa yanke shawarar shiga, ko yana cin layi biyu. A Ingila da mutum ya kai 70 sai ya riƙa sabunta lasisi duk shekara uku yana bayyana halin lafiyarsa, a Japan kuma ɗan 75 sai an gwada ƙwaƙwalwarsa. A nan akwai cibiyar horar da direbobi ta jiha, LASDRI, da ke gwada idon direbobin haya, amma mai motar gida irin Baba, gaskiya 'ya'yansa ne masu sa masa ido.

Akwai alamomin da in kin gan su babu sauran lallaɓawa: ya ɓace a hanyar da ya shekara talatin yana bi, ya taka totur a maimakon birki, ya suma ko ya yi gyangyaɗi a sitiyari, ko likita ya ce ganin gefe ya tafi da yawa. Ko a nan ma kada ku yi masa taron dangi a falo gaban jikoki, kuma kada a ɓoye makulli a ce ya ɓata, zai gane. Mutumin da ya zo Ikko da ƙuruciya ya sayi mota da guminsa ba zai ji daɗin 'yarsa ta ce masa ya tsufa ba. Ki nemi amininsa na kasuwa ko limamin masallacinsu, wanda yake jin nauyinsa, ya yi masa maganar su biyu, da takardar likita a hannu. Ku kuma tanadi yadda zai riƙa zuwa shago kafin a buɗe zancen, domin tambayar da zai fara yi ke nan.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya tsare mana hanya.