Me ya sa lasifika ke ƙara idan waya na kusa da ita?

Tambaya: Duk lokacin da na ajiye wayata kusa da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), sai lasifika ta riƙa yin "dit-dit-dit, zzzz", wani lokaci ma tun kafin kira ya shigo. Lasifikar ce ta lalace? Yaya zan yi maganin abin?

Amsa: Malam, lasifikarka lafiyarta ƙalau. Abin da kake ji katsalandan ne na lantarki da maganaɗisu, wato siginar wata na'ura ta kutsa cikin wata na'urar da ba a ƙera ta don karɓarta ba.

Wayar da ke kan 2G ba ta aika sigina a jere ba tsayawa. Wayoyi har takwas ne ke raba zango ɗaya, kowace da nata ɗan lokacin, shi ya sa takan kunna ta kashe sashen aikawarta kusan sau 217 a daƙiƙa guda, da ƙarfin da kan kai wat 2. Ita siginar, mai megahaz 900 ko 1800, kunne ba ya jin ta sam. To amma kebul ɗin sauti yakan zama eriya ya kwaso ta, transistocin farko na amfilifaya kuma su tace ta kamar yadda akwatin rediyo ke yi. Abin da ke saura shi ne bugun nan na 217, sai amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi tare da sautinka. Yana riga ƙararrawa ne saboda waya da turken sadarwa sun riga sun fara musayar bayanai. Inda sabis ya yi rauni abin ya fi muni, domin a nan wayar ke ƙure ƙarfinta. 3G da 4G ba su cika yin haka ba.

Magani mafi sauƙi shi ne tazara. Matsar da wayar mita ɗaya zuwa biyu daga amfilifaya da kebul ɗinta, sau da yawa shi ke nan. In bai daina ba, duba kebul: ya zama gajere, mai rigar sakar tagulla a ciki, kuma rigar ta haɗu sosai da jikin fulogi. A nan ne aka fi yin sakaci, domin rigar da ta tsinke a bakin fulogi ba ta kare komai. Ga makirufo, kebul mai kan XLR, wato fulogi mai ƙafa uku, ya fi. Za ka iya kuma maƙala zoben ferait, wanda ke rage siginar rediyo a jikin kebul, daf da inda kebul ke shiga amfilifaya. Mai gyara na iya sa ƙaramin kapasito, kamar mai pikofarad 33, a mashigar sauti.

Amma ka saurara da kyau. In gurnani ne mai kauri da ba ya yankewa ko da babu waya a ɗakin, wannan daga wutar lantarki yake, mai bugu 50 ko 60 a daƙiƙa. Raba kebul ɗin sauti da na wuta, ka jona na'urorin a soket ɗaya. Kada ka kuskura ka cire wayar ƙasa, wato "earth" ta fulogin wuta, don kashe gurnanin, domin ita ce ke kare ka daga jan wuta.