Tambaya da Amsa: Da Mongolawa Ba Su Juya Ba a 1242, Da Turai Ta Tsira?

TAMBAYA: Malam, na karanta cewa rundunar Mongolawa ta kai tsakiyar Turai a ƙarni na 13, sannan ta juya ba tare da an ci ta da yaƙi ba. Da a ce ta ci gaba da nausawa yamma, shin Turawan wancan zamani za su iya tare ta, ko kuwa abin da ya sami Bagadaza ne zai sami biranen Rum na Italiya da Paris na Faransa? Daga wata ɗaliba mai nazarin tarihi.

AMSA: Malama, wanda zai amsa wannan tambaya sai ya fara da abin da ya auku, sannan ya auna abin da ka iya aukuwa. Mongolawa, waɗanda littattafan tarihin Musulunci suka fi kira Tatar, sun ci birnin Kiyef a watan Disamba na 1240 a ƙarƙashin Batu, jikan Jengis Khan, da babban kwamandansa Subutai. A ranar 9 ga Afrilu 1241 wani reshe na rundunar ya murƙushe mayaƙan Polan a Legnica, ya kashe shugabansu Henri na Biyu, kwana biyu bayan haka kuma babbar rundunar ta tarwatsa sojojin Sarki Bela na Huɗu na Hangari a Mohi, har sarkin ya gudu zuwa gaɓar tekun Adriyatik. Babban sarkin Mongolawa Ogedai ya rasu a watan Disamba na 1241, kuma a 1242 suka janye.

A fagen fama, ra'ayina shi ne babu wata runduna a Turai a lokacin da za ta iya ja da su. Baraden Turai masu sulke jarumai ne, amma kowa yana bin ubangidansa, alhali Mongolawa an tsara su goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu, suna harbi da baka a kan doki cikin sukuwa, suna kuma yin kamar sun gudu domin su jawo abokan gaba zuwa inda suka yi kwanton ɓauna. Ga kuma rashin haɗin kai, domin a 1241 Fafaroma Giregori na Tara da Sarkin Sarakuna Firedarik na Biyu suna tsakiyar rikici da juna, kuma duk da kiran yaƙi da aka yi a Jamus, babu wani gagarumin ɗauki da ya isa Hangari.

Amma cin yaƙi daban ne da riƙe ƙasa, kuma a nan ne nake ganin Turai take da abin dogaro. Ko a cikin Hangari da aka ragargaza, wuraren da aka gina da dutse a kan tsauni sun gagara. Mongolawa sun ƙone garin Esztergom, amma kagarar da ke samansa ba ta faɗi ba, haka kuma kagarar Klis a Dalmashiya. Akasarin garuruwan da suka ci a gabashin Turai ganuwarsu ta ƙasa da itace ce, yayin da Jamus da Faransa da Italiya suke cike da ganuwar dutse, kowacce kuwa tana buƙatar makonni ko watanni kafin a ci ta, kuma cin ɗaya ba ya sa sauran su miƙa wuya, tun da babu fada guda da faɗuwarta za ta ɗauke kan kowa.

Sai batun ciyawa, wanda sau da yawa ake mantawa da shi. Kowane mayaƙin Mongol yana tafiya da dawaki da dama, kuma ƙarfin rundunar ya dogara ne ga makiyaya. Filin Hangari shi ne ƙarshen babban filin ciyawar da ya taso daga Asiya, daga nan yamma kuwa sai kurmi da tsaunuka da gonaki. Rundunar da ta tsaya wata uku a gindin ganuwa, dawakinta na ramewa, ta rasa saurin da ya sa ake tsoronta.

Kada dai a ɗauka cewa dutse ya fi ƙarfin Mongolawa. Sun karɓi kagarar Alamut ta ƙasar Iran a 1256, sun ci Bagadaza a 1258, sun kuma yi shekaru suna kewaye da birnin Siyangyang na ƙasar Sin har ya faɗi a 1273, bayan sun kawo gwanaye Musulmi da suka ƙera musu manyan majaujawar jifa da dutse. Bambancin shi ne, Sin tana maƙwabtaka da gidansu kuma arzikinta ya isa a yi mata wannan wahala, Turai kuwa tana da nisan gaske, ga gidan sarautarsu da ya fara rarrabuwa, har Batu ya ƙi halartar naɗin Guyuk, ɗan Ogedai, a matsayin babban sarki a 1246.

Akwai kuma hujjar da ba ta zato ba. Bayan ya dawo, Bela ya duƙufa ga gina kagarori na dutse da ƙara yawan barade masu sulke, kuma da Mongolawa suka sake shigowa Hangari a 1285 a ƙarƙashin Nogai da Talabuga, ba su yi nasara ba, suka koma da babbar asara, yunwa da sanyi suka ƙarasa da yawa daga cikinsu a tsaunukan Kafatiya.

Saboda haka, Malama, abin da na fi zato shi ne da sun zauna, da Hangari da Polan sun zama masu biyan haraji kamar sarakunan Rus na yankin Rasha ta yau, waɗanda suka shafe fiye da shekara 200 a wannan hali, da kuma hare-hare sun kai kudancin Jamus da arewacin Italiya, talakawan ƙauye da ba su da ganuwa su ne za su fi shan wuya. Amma mulkin Mongolawa mai ɗorewa a Rum ko Paris, ban ga ta inda zai yiwu ba.