Bincike, Nazari da "An Ce": Amsa ga Ɗalibai Masu Rubuta Rahoto

Tambaya: Malam, an ba mu aikin rubuta rahoto, malaminmu ya ce mu yi bincike sannan mu yi nazari. Ashe ba abu ɗaya ba ne?

Amsa: Ba abu ɗaya ba ne, 'yata, kuma malamin naku ya jera su yadda ya kamata. Bincike aikin ƙafa da hannu da ido ne, shi ya sa ake cewa an bincike kayan matafiyi, wato an kwance su, an ɗaga wannan an juya wancan. Idan kika shiga ɗakin karatu kika duba jerin abubuwan da ke cikin littafi, kika buɗe babin da ya shafe ki, kika rubuta sunan marubucin da shekarar bugu da lambar shafi tun kafin ki mayar da littafin, to kin yi bincike. Nazari kuwa kalmar Larabci ce da asalinta ke nufin dubi, a Hausa ta zama dubi na tsanaki da hankali. Yana farawa ne lokacin da littattafai biyu suka ba ki shekaru biyu mabambanta a kan abu guda, kika zauna kina tambayar kanki wanne ne ya fi kusa da lamarin, wanne ne kuma ya kwafo daga wani. Abin da ba na so shi ne yadda ɗalibai yanzu suke kiran kwafe shafi guda daga intanet da sunan bincike. Wanda ya ɗauki abin da ya fara cin karo da shi bai bincika komai ba, tsintuwa ya yi.

Tambaya: Mene ne "fafe" a cikin karin maganar nan, ba a fafe gora ranar tafiya?

Amsa: Fafewa ita ce a yanke bakin gora a ƙwaƙule 'ya'ya da ɓargon da ke ciki, bayan haka kuma sai an jiƙa shi an ɗauraye har ɗacinsa ya fita kafin a zuba ruwan sha. Aiki ne na kwanaki. Rahoto ma yana buƙatar ya kwana, a sake karanta shi da safe a gyara, don haka ba a fara shi a daren da za a miƙa.

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne. Ɗalibaina suna cika rahotonsu da "an ce" da "wai" da "masana sun bayyana". Kuskure ne a nahawu?

Amsa: A nahawu babu kuskure, Malam, amma a rahoto nan ne babbar cutar take, kuma na daɗe ina fama da ita. "Wai" ƙaramar kalma ce mai babban aiki: mai magana yana saka ta ne don ya zare hannunsa daga abin da yake faɗa. Idan na ce wai an ɗage jarrabawa, ina sanar da kai cewa ji na yi, kada ka kama ni idan ba haka ba ne. Wannan gaskiya ce a hira, har ma ladabi ne. Amma mai rahoto an aike shi ne domin ya tabbatar, to idan ya dawo da "wai", me ya kawo?

"An ce" ta fi ɓoye laifinta, domin wakilin sunan nan "an" yana rufe mai aikin gaba ɗaya. Wa ya ce? A ina? Yaushe? Dubi bambancin waɗannan jimloli biyu. Ɗalibi ya rubuta: "An ce jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta daɗe, tun zamanin Turawa." Wani kuma ya rubuta: "An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, kuma Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko," sannan ya ambaci littafin da ya samo wannan da shafinsa. Akwai "an" a cikin jimla ta biyu ma, amma ba ta ɓoye komai ba, domin ga wuri, ga shekara, ga suna, kowa yana iya zuwa ya duba.

Ita kuwa "masana sun bayyana", ni a ganina ta fi duka muni, domin "an ce" ce aka sa wa babbar riga. Su waye masanan? Idan a kan ma'anar kalma ake magana, sai ɗalibi ya faɗi ko ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya duba, ko na Abraham na 1949, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda yake fassara Hausa da Hausa. Shawarata ita ce ka ja jan layi a ƙarƙashin kowace "an ce", ka rubuta "inji wa?" a gefen takarda, ka mayar masa ya nemo. Kada dai ka hana su "wai" kwata-kwata: idan suna ruwaito jita-jitar da mutane ke yaɗawa, kuma sun bayyana cewa jita-jita ce, to a nan ta zauna daidai.

Tambaya: Shin "rahoto" Hausa ce ta asali?

Amsa: Aro ce daga Turanci, amma ta zauna daram, har ta yi jam'i irin na Hausa, rahotanni.

Tambaya: Malam, an ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ke nan idan na yi hira da wanda abin ya faru a gabansa, ba na buƙatar littafi?

Amsa: A'a, ɗana. Karin maganar ta ce ta fi daɗi, ba ta ce ba a mantuwa ko son kai ba. Ganau ya fi jiyau, wannan haka yake, kuma hira da ganau tana ba rahotonka abin da babu shi a littafi. Sai dai mutum yakan rikita shekaru, yakan kuma ƙara wa kansa matsayi a cikin labari ba tare da ya yi nufin ƙarya ba. Ka shirya tambayoyinka a rubuce kafin ka je, ka nemi izini kafin ka ɗauki murya, ka rubuta ranar da aka yi hirar, sannan ka gwada abin da ya faɗa da na wani ganau ko da abin da ke rubuce.

Tambaya: A ƙarshen rahoto, "manazarta" zan rubuta ko "madogara"?

Amsa: Duka biyun ana amfani da su. Manazarta su ne abubuwan da ka nazarta, madogara kuwa abin da ka dogara da shi wajen kafa hujja. Ka bi wadda makarantarku ta zaɓa, amma kada ka saka littafin da ba ka taɓa buɗewa ba.