Jan Fentin da Aka Shafa a Bangon Gidan Burodi

Yarona, ka tambaye ni dalilin da ya sa jami'an tsara birni suka shafa jan fenti a bangon gidan burodin da muka gama, suka hana a buɗe shi, alhali Alhaji, mai gidan burodin, yana riƙe da takardar shaidar mallakar filinsa. Na ga ranka ya ɓaci, kuma ban ga laifinka ba, tunda da hannunka ka jera bulon nan tun daga harsashi har zuwa linta.

Takardar da Alhaji yake ɗagawa magana take yi a kan ƙasa, ba a kan ginin da ke bisanta ba. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Filaye ta 1978, filayen birane suna hannun gwamnan jiha ne, shi yake ba mutum izinin riƙewa, galibi na shekara 99, kuma a jikin takardar ana rubuta abin da aka bayar da filin dominsa. Na Alhaji na gidan zama ne, shi kuwa ya kafa tanda da injin kwaɓa fulawa da janareta a tsakiyar unguwa ba tare da ya nemi a sauya masa shi zuwa na kasuwanci ba. Izinin gini kuma takarda ce daban, wadda a Kano hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ce take bayarwa bayan ta duba zanen ta buga masa hatimi.

Akwai kuma laifin da yake namu, kuma shi ne ya fi yi mini ciwo. Ka tuna ranar da Alhaji ya ce a ƙara masa rumfa a gaba don masu sarin burodi su samu inuwa? Zanen da aka amince da shi bai nuna rumfar ba, amma na yi masa kara, muka kafa ginshiƙai biyu a kan magudanar ruwa, muka cinye tazarar da ake bari tsakanin gini da titi. Da jami'in ya zo bai tsaya dogon bayani ba, tef ya ja daga bakin kwalbati zuwa ginshiƙin, ya kalli zanen, ya kalle ni. Na daɗe a wannan sana'a ban ji kunya irin ta ranar ba.

Saboda haka, duk ranar da ka zama mai cin gashin kanka, kada ka haƙa harsashin wurin sana'a sai ka ga zane mai hatimi da idonka, ka kuma ajiye kwafinsa a wurin aiki cikin leda. Idan mai gini ya so ƙari, ya koma a gyara masa zanen tukuna, ko da zai yi fushi da kai. Kai ma ka ga shagunan da aka rushe a Filin Idi na Kano a 2023, ka san abin da katafila take yi wa gumin shekaru cikin wuni guda.

Kada ka kuskura ka goge jan fentin nan, kada kuma ka saurari masu cewa a ba wani na goro a kashe maganar, domin wanda ya karɓa yau ba shi zai dawo gobe ba. Alhaji zai je ofis da takardarsa da rasit-rasit ɗinsa ya nemi sauyin, mu kuma mu gyara ɓarnarmu. Gobe in Allah ya kai mu ka zo da guduma da kurfi bayan sallar asuba, da rumfar za mu fara.