Hukuncin Sa Waya A Sifika Cikin Jama'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kunnena na dama ya yi rauni, shi ya sa nake sa waya a sifika idan an kira ni, ko a mota ko a layin asibiti. Yawanci iyalina ce ke kira. Nakan kuma ƙure karatun Alƙur'ani don na kusa da ni su samu lada, sai wani ya ce ina takura wa mutane. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa.

Haramcin cutar da mutane da ladabin sassauta murya abu ne da babu saɓani a kansa. Abin da ya tsayar da ni shi ne faɗinka cewa iyalinka ce ke kira. Shin ta san baƙi na jin ta? Mace takan gaya wa mijinta rashin lafiyarta ko wani sirrin gida tana zaton daga ita sai shi. Abu Dawud da Tirmizi sun rawaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya ce idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Mai kiran waya ba shi da halin waiwayawa, kai ne idonsa. Don haka buɗe muryarta ba da saninta ba cin amana ne, bai halatta ba. Idan ka sanar da ita tun farko ta yarda, wannan laifin ya faɗi, saura haƙƙin na kusa da kai.

Lalurarka uzuri ce, amma ana auna ta gwargwadonta. Ka mayar da wayar kunnen hagu. Ka ƙara murya bayan ka ɗaga kiran, domin a lokacin ne maɓallin gefe ke ƙara muryar mai magana. Ka share ƴar ragar da ke saman wayar da busasshen buroshi mai laushi, ƙura kan toshe ta. Saƙon murya na WhatsApp kuwa, idan ka kunna ka kara a kunne, kai kaɗai za ka ji. In duk ba su wadatar ba, iyafis ya raba gardama, ko ka keɓe gefe. Kuma ka je likita ya duba kunnen, kada ka bar shi.

Sai batun karatu. Wasu na cewa ƙure shi da'awa ce, wanda ya ƙi ji ma imaninsa ne da rauni. Wannan magana ba ta da madafa. Abu Sa'id Al-Khudri ya ce Annabi (SAW) yana i'itikafi ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya hana sashensu cutar da sashe da ɗaga murya. A masallaci ke nan, tsakanin masu ibada, da bakinsu suke karantawa. Ina ga na'ura a kan marar lafiyar da bai runtsa ba? Sannan aya ta 204 a Suratul A'araf ta yi umarni da saurare da yin shiru idan ana karatu. Ka kunna wa masu hira da masu ciniki, ka jefa su tsakanin barin buƙatarsu da yin surutu a kan maganar Allah. Shi ya sa malaman Hanafiyya suka ɗora laifin a kan mai karatun, ba a kan wanda aiki ya shagaltar ba. Ina kuma jiye maka wani abu: kada ka zama dalilin da wani zai ji ƙyamar Alƙur'ani a zuciyarsa. Idan duk na wurin suka nema kuma za su saurara, babu laifi.

Kada ka sa aya ta zama ƙarar shigowar kira, domin ɗagawa kan yanke ta a tsakiya, kuma wayar kan yi ƙara a makewayi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, ta hana haka a zamanta na Makka a 2007. Idan wayarka ta yi ƙara kana salla, sa hannu ka kashe, motsi kaɗan ne don maslahar salla, ba ya ɓata ta.

Wanda ya yi maka magana, ka gode masa.

Wallahu a'alam.