Yadda Muke Roƙon Jinƙan Allah a Baƙuwar Ƙasa

Kawu, bayan gaisuwa cikin ladabi, kun tambaye ni ko mu da muka daɗe a Ingila har yanzu muna durƙusawa mu roƙi jinƙan Ubangiji, tun da a ganin mutanen gida babu abin da muka rasa. Muna roƙo ƙwarai, domin wahalar ƙasar nan a bayan rufaffiyar ƙofa take zama, maƙwabcinka ma bai san halin da kake ciki ba.

Da yake yawancinmu aikin dare muke yi a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi, kowace Asabar da asuba muke haɗuwa ta waya mu yi addu'a da Hausa, ko da yake sujadar Lahadi da Turanci ake yin ta. Idan abu ya kai wa mutum iya wuya, da harshen da ya tashi da shi yake kai kukansa ga Allah.

Abin da muka fi karantawa shi ne sura ta 3 ta Littafin Makoki, wanda aka rubuta bayan Babiloniyawa sun rushe Urushalima. Mutane da yawa sukan tsallaka zuwa aya ta 22 da ta 23, inda aka ce jinƙan Ubangiji ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya. Mu kuwa daga ayar farko muke somawa, mu bi ta inda marubucin yake kukan cewa Allah ya toshe masa hanya da duwatsu, ya kuma ƙi sauraron addu'arsa. A ganina wannan shi ne daidai, domin wanda bai furta ɗacin da ke ransa ba, da wuya maganar jinƙai ta ratsa shi.

Bara mahaifiyar wata 'yar'uwarmu ta rasu a gida, ita kuma takardunta na zama suna hannun hukuma, ba ta da halin tafiya, sai ta waya ta kalli jana'izar. A wannan Asabar ɗin ba ta ce uffan ba, shessheƙarta kawai muke ji, kuma babu wanda ya ce mata ta daina kuka. Wani dattijonmu ya karanta Zabura ta 137, wadda bayin da aka kwashe zuwa Babila suke tambayar yadda za su raira waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa, sa'an nan muka yi shiru tare da ita. Sai bayan mako uku, da muka iso aya ta 22 ta sura ta 3 ta Makoki, ta roƙa a bar ta ta karanta da bakinta.